Zanin Hannu Ɗaya na Mama Babba

Mama Babba ta rasu ranar Alhamis, a tsakiyar damina, lokacin da citta ta yi kore shar a gonakin bayan gari. Ina Abuja aka kira ni. Kafin motar da na shiga ta wuce Kagarko na riga na yi irin kukan da ake iya yi a gaban baƙi, na share fuska, na ce a raina in na isa gida zan daure. Ban daure ba. Tun daga bakin layinmu a Kafanchan na hango rumfa da kujerun roba, sai kuka ya ƙwace mini.

Yayar babana ce. Ba ta haifi ko ɗaya ba, amma babu wanda ya isa ya faɗi haka a gaban mutanen da suka cika tsakar gidanmu ranar. Matan zumunta na cocinmu sun zauna gefe guda suna waƙa ƙasa-ƙasa, kuma duk rigar da ke jikinsu daga keken ɗinkinta ta fito. Wata tsohuwa a cikinsu ta riƙe hannuna tana girgizawa.

"Sannu, yarinya na, sannu. Mama ya tafi ya bar mu. Yanzu wa zai gaya mana gaskiya in mun yi ƙiba?"

Ta faɗa tana dariya, hawaye na bin kumatunta.

A ɓangaren maza na ga Alhaji mai yadi, wanda rumfarsa ke bakin kasuwa tun kafin a haife ni. Ya cire takalmi ya zauna a tabarma, ya ƙi kujera. Da na durƙusa na gaishe shi sai ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri, 'yata. Shekara da shekaru muna faɗa da baiwar Allah nan. Ba ta taɓa yarda da maganata ba in na ce atamfa ba ta zuba. Sai ta tsoma bakin yadin a ruwa, a gabana, a gaban masu saye. Wallahi na sha rantsuwa ba zan ƙara sayar mata ba, gobe kuma ni ne mai aika mata sabon kaya ta duba." Ya kai bakin babbar rigarsa fuska.

Wadda ta fi karya mini zuciya ita ce kurmar da Mama Babba ta koya wa ɗinki, wadda yanzu ke da nata shago a Kachia. Ta shigo ba ta gaishe da kowa ba. Ta wuce kai tsaye inda aka rufe keken ɗinkin da tsohon zani, ta yaye, ta ɗora tafin hannunta a kai, ta zauna a ƙasa. Har aka yi addu'a aka watse tana nan.

Na san yadda ake yi. Za a yi wata biyu ana ambaton Mama Babba, sannan wani ya kama shagon ya zuba katin waya da lemo. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, don kada ta tafi kamar ba ta zo ba.

Shagonta yana bayan kasuwa, kusa da layin dogo. Ɗaki ɗaya ne, da keke uku, da dutsen guga na gawayi wanda ta ƙi rabuwa da shi ko da aka kawo na lantarki, don a cewarta gawayi ba ya ɗaukewa. Tef ɗin awo ba ya barin wuyanta. Ta taɓa shiga da shi coci ranar Ista, fasto na wa'azi ita kuwa idonta na kan kafaɗar kwat ɗinsa. Bayan an tashi ta tare shi a ƙofa ta ce ya aiko da kwat ɗin gobe, ba ta ji rabin wa'azin ba saboda shi.

Mace ce mai zafi, ba zan ɓoye ba. A hannunta na tashi, kuma ban san adadin ɗinkin da ta farke mini ba. Ba ta iya yabo ba. In aikinka ya yi kyau sai ta juya shi ciki, ta bi ɗinkin da babban yatsa, ta ajiye ta ɗauki wani abu. In ka ga haka ranar ka yi barci da murna.

Amma akwai maganar da take yi kullum: "Jiki ba ya laifi, ɗinki ne ke laifi." Duk wanda tela ya kora a garin nan, wajenta yake ƙarewa. Mai doro, mai hannu ɗaya wanda injin niƙa ya cinye ɗayan, matar da aka cire wa nono a asibiti tana jin kunyar a auna ta. Na tuna wata amarya mai tafiya da sanda saboda shan inna. Dangin ango sun so a yi mata farar riga mai jan ƙasa, a ɓoye ƙafar, a karɓe sandar, ƙawaye su riƙe ta har gaban fasto. Yarinyar na tsaye kanta a ƙasa. Mama Babba ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Shi mijin bai san da ƙafa ya ce yana so ba?" Ta ɗage rigar daidai inda ba za ta harɗe ba, ta naɗe sandar da ragowar leshi. Amarya ta taka da kanta tun daga ƙofar coci, tana ƙwanƙwasa siminti, mata na guɗa.

Da na gama sakandare Baba ya so in yi karatun nas. Ya ce a gaban Mama Babba, wai ɗinki aikin waɗanda suka faɗi jarrabawa ne. Ko ɗago kai ba ta yi daga keke ba.

"To cire rigan da ke jikin ka. Wanda ya faɗi jarrabawa ne ya ɗinka."

Baba ƙaninta ne, ya san inda ake tsayawa. Ya ɗauki hularsa ya fita, ni kuma na ci gaba da zama a shago.

Shekaru bayan haka wani babban kamfani mai manyan kantuna a Abuja da Legas, irin waɗanda ake tura kwando mai taya a cikin sanyi, ya ba da sanarwa. Suna neman matasa masu tsara tufafi daga wuraren da ba su saba ɗauka ba: mata, masu naƙasa, 'yan ƙananan ƙabilu irin namu, da waɗanda suka koyi aikin a shago ba a jami'a ba. Aikin kuwa shi ne a tsara kaya ga mutanen da kayan kanti suka manta da su. Na karanta wa Mama Babba sanarwar daga waya. Ta taɓe baki.

"Sai yanzu suka san gurgu yana sa wando? To, da babu gara ba daɗi. Ki je."

Na je, aka ɗauke ni. Ba zan ce don Allah kaɗai kamfanin ke yi ba, kasuwa suke nema, sun kuma gano akwai masu saye da ba a taɓa kulawa da su ba. Amma ƙofar da suka buɗe ta gaskiya ce. A teburinmu akwai wani saurayi daga kudu mai zama a keken guragu, da wata zabiya daga Kano mai tsara rigunan da ke kare fata daga rana, sai ni da na zo da almakashin Mama Babba a jaka. A karon farko a rayuwata wani mai taye ya tambaye ni ra'ayina ya kuma jira amsa.

Ban cika shekara a can ba ciwo ya sami Mama Babba. Tana kan keken ɗinki ta kife. Hawan jini ne, ya shanye mata ɓarin dama. Ta yi makonni a asibiti. Magana ta dawo, ko da yake da nauyi. Ƙafa ta dawo rabi, tana ja da sanda. Hannun dama, wanda ya riƙe almakashi tun kafin Baba ma ya yi wayo, bai dawo ba.

Aka dawo da ita gidanmu. Mamata ce ke yi mata wanka, ta sa mata riga, ta ɗaura mata zani da ɗankwali. Mama ba ta taɓa ƙorafi ba, amma Mama Babba ta ƙi fita ko bakin ƙofa. Fasto ya zo, matan zumunta suka zo da waƙa da kunu, suka ce za su aiko da mota kowace Alhamis. Ta bar su suka gama, sannan ta ce a hankali, tana jan kalmomin:

"Ni da na rufe jikin garin nan, a ce sai an ɗaura mini zani kamar jariri, sannan in je in zauna a gaban ku? Ranar da na sa kaya na da kai na, ranar zan zo zumunta. Kafin nan kar ku ɓata man mota."

Kowa ya san in ta faɗi ta faɗa. Macen da ba ta taɓa fashin zumunta ba ta koma zaman ɗaki, tana kallon bango, tana ramewa. Likita ya ce zaman ma wani ciwo ne. Ni kuwa da na ji, sai na ce a raina ai wannan aikina ne, don shi ake biyana.

A ofis muna da samfurin riguna na masu shanyewar jiki, waɗanda kamfanin ya kawo daga waje mu yi koyi. A buɗe suke ta baya daga wuya har ƙasa, da abin mannewa irin na takalman yara. Na sa Mama ta aiko mini da yadin zumunta, na zauna na ɗinka mata ɗaya, ɗinkin da ni kaina na san babu abin farkewa a ciki. Na kawo gida ina ji da kaina.

Ta karɓa da hagu ta shimfiɗa a cinya. Ta duba gaba. Ta juya baya. Ta daɗe tana kallon tsagar nan.

"Akwatin gawan fa? Kin auna shi ma?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. A wajenmu, in za a shirya gawa, ba a wahalar da ita da sa hannu a riga. Mata sukan ɗauki almakashi su tsaga rigar ta baya daga wuya har ƙasa, su lulluɓa mata, su cusa bakin a ƙarƙashi. Riga mai tsagar baya ta mamaci ce. Mama Babba ce ake kira ta yi wannan tsagar a rabin gidajen unguwarmu, ni ce ma nake riƙe mata bakin rigar. Sanyin ofis ya sa na manta.

Da na yi shiru da ya fi. Amma ni ma jininta ce.

"Mama, haka ake yi a ko'ina a duniya. Masana ne suka tsara."

"Ko'ina ba Kafanchan ba ne. Kuma gaya mini, wa zai manna bayan? Hannu na ya kai can?" Ta turo rigar ƙasa da gwiwa. "Maman ki kika ɗinka wa riga, don ya ji sauƙin sa mini. Ni ba ki ɗinka mini komai ba."

Na ce ita ba a taɓa burge ta. Ta ce in koma wajen masanan su burge ni. Na kwashe rigar na koma Abuja da fushi, na daina kira. Ita ce ta sa Mama ta kira ni daga baya, ta karɓi wayar ta ce kalma uku: "Zo da almakashi."

Abin da ta fara yi da na zo shi ne ta sa Mama ta ɗaure mini hannun dama a jikina da ɗankwali. Ta ce in sa kayan zumunta tana kallo. Na yi gumi, na ciji bakin zani da haƙori, na jingina da bango, zanin ya sulale ƙasa. Tun da ta kwanta ciwo ban ji dariyarta ba sai ranar, dariya ta ɓari ɗaya, har da tari.

Daga nan duk ƙarshen mako ina hanya. Rigar ba ta ba mu wuya ba: muka buɗe ta ta gaba, ɓari ya hau kan ɓari, hannun dama muka yi shi da faɗi don mataccen hannu ya fara shiga. Ɗankwali na ɗinke shi a ɗaure, ana kifawa kamar hula. Zani ne ya zame mana ƙarfen ƙafa. Na ce mu yi siket kawai, ta ce siket na 'yan makaranta ne, ita ba za ta tsaya a layin zumunta kowa da zani ita da siket ba. Dole ya zama zani, dole wanda ya gani ya ɗauka ɗaurawa aka yi. Na sa roba, ta ce yana naɗewa. Na sa ƙugiya, yatsunta na hagu suka kasa kamawa. Wani da na gwada a jikina ya kwance a tsakar gida daidai lokacin da Baba ke shigowa, ya juya da sauri har ya yi karo da ƙofa.

A ƙarshe muka dace. Rabin zanin na ciki na haɗe shi, da roba a ɓoye ta baya, yadda mutum zai zura ƙafa yana zaune ya ja sama. Rabin na waje na bar shi a sake, a jawo shi da hannu ɗaya ya zagayo ya manne a ƙarƙashin ninki, da ɗan harshe da ake sokewa a ƙugu kamar kowane zani. Dabarar harshen nan tata ce. Ta zana mini ita da yatsa a kan katifa.

Na kai shi ofis. Shugabarmu ta yi shakkar ko masu shiga irin kantinmu za su sayi zani. Saurayin nan mai keke ya ce mata kakarsa ma zani take ɗaurawa, kuma shekara biyu ke nan wasu ke ɗaura mata. Aka yarda a gwada kaɗan a kanti ɗaya. Aka sa ranar fitar da shi.

Asabar ɗin da ta gabaci ranar na kawo mata nata, cikakke, a yadin zumunta, riga da zani da ɗankwali. Na tarar jikin ya yi sanyi, abinci ma sai an matsa mata. Ta juya zanin ciki, ta bi ɗinkin da babban yatsan hagu. Na roƙe ta ta gwada in gani.

"Ba a gaban ki ba."

"Mama, ni ce fa."

"Na ce ajiye."

Na ajiye a kan akwatinta. Da zan tafi na durƙusa, ta ɗora hannu a kaina ta ce in gaishe da mai keken ofishinmu. Ganina da ita na ƙarshe ke nan, kuma na fita ne raina a ɓace, ina cewa wata da watanni na wahala ta ƙi ko zura ƙafa.

Ranar Alhamis da aka fitar da shi ina tsaye a kantin, kusa da inda aka rataye zannuwan. Wata mata ta turo mahaifiyarta a keke, tsohuwar ta miƙa hannu tana shafa ɗaya, tana tambaya ko da gaske mutum zai iya shi kaɗai. Ina cikin nuna mata wayata ta yi ƙara. Baba ne.

Duk kwanakin makoki ban tambayi kowa zancen zanin ba. Ban ga amfani ba. Na ɗauka yana nan a ninke inda na bar shi, na kuma ɗauka na gaza, ta mutu a ɗaki a hannun mutane kamar yadda ta fi tsoro. Wannan tunanin ya fi mutuwar kanta ci mini rai. Mun binne ta a ƙauyenmu, kusa da iyayenta, ruwa na yayyafi.

Bayan baƙi sun ragu, ni da Mama muna wanke manyan tukwanen da aka aro a bayan gida, sai ta tsaya da soso a hannu.

"Ban gaya miki yadda ya faru ba."

Na ce ba sai ta faɗa ba. Ta ce sai ta faɗa.

"Da safe na yi mata wanka, na ɗauko kayan gida zan sa mata. Ya ce, ajiye, fita, ja ƙofa. Na fita. Ina kicin ina jin motsi. Na ji sanda ya faɗi. Na zo da gudu, ya ce in na shigo ni da shi ne. Na tsaya a bakin ƙofa ina jin numfashin ta, kamar mai hawan dutse. Wallahi na yi addu'a har na rasa abin faɗa. Har wake na ya ƙone a wuta."

Mama ta share hanci da bayan hannu.

"Can sai ya kira ni ta cikin ƙofa. Ya ce, je ki kira mini mai keken haya, yau Alhamis, zan je zumunta. Na fita ko takalmi ban sa ba. Kin san layin mu, sai ka kai titi. Na samu keke, muka dawo. Na shigo na gan ta a baranda, a kan kujeran Baban ki. Shi kaɗai ya fito har nan. Riga, zani, ɗankwali, komai. Jakan coci a cinya. Ya jingina kai da bango kamar mai jira. Na ce, Mama, ga keke. Na sake cewa, Mama, ga keke."

Ruwan tukunya na zuba a ƙafata ban ji ba. Na ce, "Wa ya taimaka mata?"

"Babu kowa a gidan. Daga ni sai shi." Sannan ta ƙara da cewa, "Zanin ya ɗan karkace, gefe ɗaya ya fi tsawo. Kafin mutane su shigo na kai hannu zan gyara. Sai na fasa. Na ce a'a, shi ya ɗaura, bari su gani haka."

Na zauna a ƙasa cikin ruwan wanke-wanke na yi kukan da ban yi ba ko a bakin kabari.

Ki huta, Mama Babba. Ubangiji ya karɓe ki yadda kika shirya kanki.